Biyan kuɗin hanya ba tare da tsayawa ba: abin da na'ura ke yi wa cunkoso da inda ƙarfinta ya tsaya

Hannu ɗaya na babbar hanya, idan babu abin da ya tare motoci, yana ɗaukar mota 1,800 zuwa 2,000 a awa guda. Lissafin mai sauƙi ne. Direba yakan bar tazarar kamar daƙiƙa biyu tsakaninsa da na gabansa, awa kuwa daƙiƙa 3,600 ce. To, a kafa rumfar karɓar kuɗi a kan wannan hannun a ga yadda za a kaya. Mota za ta rage gudu ta tsaya, direba ya sauke gilashi ya miƙa kuɗi, ma'aikaci ya ƙirga, ya lalubo canji, ya yago rasit, sandar shinge ta ɗaga, sannan mota ta sake ɗaukar wuta. Ko da kowa na da zafin nama, daƙiƙa goma ta riga ta tafi. Rumfa ɗaya ke nan mota 350 zuwa 400 kawai take iya sallama a awa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da hannun ke turo mata.

Wannan ne dalilin da ya sa kowace tolget take buɗe baki kamar mazurari. Hanya mai hannu uku da ke kawo mota 5,400 a awa tana buƙatar rumfa kamar 15 kafin a daidaita shiga da fita. Idan 12 ne a buɗe, saboda ana canjin ma'aikata ko injin rasit ya tsaya, mota 4,320 ce za ta wuce, ragowar 1,080 su taru a baya. A raba su hannu uku, a ba kowace mita bakwai, cikin awa guda layi ya kai kilomita biyu da rabi. Kuma layin ba zai watse da zarar an buɗe sauran rumfunan ba, sai lokacin da motocin da ke zuwa suka gaza waɗanda ake sallama. Shi ya sa matsalar minti talatin da safe takan kai hantsi ana fama da ita. Bayan an biya ma tsugune ba ta ƙare ba, domin layi 15 ne za su sake matsewa su koma uku, kowa na kutsawa, manyan motoci na jan jiki a hankali, ƙanana na yanke su. Karon baya da gogar gefe sun fi yawa a irin wannan wuri.

Tunanin a biya ba tare da an tsaya ba ya girmi na'urorin da suka tabbatar da shi. Tun a 1959 masanin tattalin arziki William Vickrey, wanda ya samu lambar Nobel a 1996, ya ba da shawarar a saka wa motocin birnin Washington 'yar na'ura da za ta riƙa sanar da wucewarsu, a caje su gwargwadon wuri da lokaci. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka fara aiwatarwa, Norway a kan gaba. Dallas ta Amurka ta bi a 1989, tsarin biyan lantarki mai suna E-ZPass ya fara aiki a jihar New York a 1993, sannan a 1997 aka buɗe hanya mai lamba 407 a Ontario ta Kanada, wadda tun daga farkonta babu rumfa babu shinge. Japan ta shimfiɗa nata tsarin a 2001, yau sama da kashi 90 cikin 100 na motocin da ke bin manyan hanyoyinta da shi suke biya.

Abu na farko da tsarin ke buƙata shi ne ya gane motar. A nan alamar da ake mannawa a gilashin gaba take shigowa, kuma iri biyu ce. Akwai sitika mai laushi kamar takarda, cikinta ɗan guntun lantarki ne da eriya siririya, ba ta da batir. Eriyar da ke rataye a saman hanya ce ke watso igiyar rediyo tsakanin megahaz 860 da 960, sitikar ta sha ƙarfi daga wannan igiya, ta mayar da lambarta. FASTag na Indiya da eTag na Taiwan irin wannan ne. Tana da araha ƙwarai, sai dai amsa kawai take bayarwa, ba ta ƙara ko haske da zai nuna wa direba an karanta ta. Ɗaya nau'in ɗan akwati ne mai batir, wanda a Turai da Japan yake magana a kan gigahaz 5.8. Shi yana musayar saƙo da na'urar bakin hanya, yana tantance kansa da mabuɗin sirri, ana iya rubuta masa inda ya shiga hanya, yana kuma yin 'yar ƙara idan an cire kuɗi. Na Japan kuwa kati ake zura masa, wutar mota yake sha a maimakon batir. Ya fi tsaro, ya fi tsada, kuma mai batir yakan mutu bayan wasu shekaru ba tare da sallama ba.

Zaɓi tsakanin waɗannan biyun ba maganar injiniyoyi kaɗai ba ce. Taiwan ta fara a 2006 da akwatin da direba zai saya da kuɗinsa, mutane da yawa suka ƙi saya, layukan tsabar kuɗi suka ci gaba da cika. Da aka koma raba sitika kyauta, masu amfani da tsarin suka haura kashi 90 cikin 100, har a ƙarshen Disambar 2013 aka daina aiki da rumfunan, aka koma cajin kowa gwargwadon nisan da ya yi, ta hanyar ƙarafan gicciye sama da 300, wato ƙarafan da ake gittawa a saman hanya a rataya musu eriya da kyamara. Alamar da ta fi kyau a ɗakin gwaji ba lallai ta zama wadda za ta cika gilasan motoci ba, kuma yawan masu ɗauke da ita shi ne ke rage layi.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙarfen gicciye ya cancanci a dube shi a tsanake, domin cikin ƙiftawar ido yake gudana. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita kusan 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan yankin da eriya ke ji mita goma ne, abin da na'ura ke da shi bai fi sulusin daƙiƙa da ɗan ɗoriya ba. A cikin wannan ɗan lokaci, na'urar lesa ko wayar da aka binne a kwalta za ta sanar cewa mota ta shigo. Eriya ta karanta alama sau da yawa don ta tabbatar. Wata na'ura ta auna tsawo da faɗi da tsayin motar, ta ƙirga jerin tayoyinta, saboda kuɗin ƙaramar mota daban, na tirela daban. Kyamara ta ɗauki lambar gaba da ta baya, da taimakon fitila mai hasken da ido ba ya gani, don kada a kashe wa direba ido da dare. Daga nan kwamfutar da ke gindin ƙarfen ta haɗa waɗannan bayanai ta ce: wannan alama, wannan lamba, wannan aji, duk na mota ɗaya ne, a hannu na biyu, a lokaci kaza.

Wannan haɗawar ita ce aiki mafi wuya, kuma ba a cika maganarta ba. Mota na iya canza hannu daidai ƙarƙashin ƙarfen. Babur na iya bi ta tsakanin motoci biyu. Ƙaramar mota na iya ɓuya a inuwar tirela, kyamara ba ta ga lambarta ba. Eriyar hannu na ɗaya na iya jin alamar motar da ke hannu na biyu. Idan agogon kyamara da na eriya suka saɓa da ko da ɗan ƙanƙanin sashe na daƙiƙa, za a liƙa hoton wata mota a kan alamar wata, a caji mai ƙaramar mota kuɗin gingimari. Yawancin ƙorafin "an cire mini kuɗi ban bi hanyar ba" ko "an cire sau biyu" daga irin wannan kuskure yake tasowa, ko daga ƙarfe biyu da suka aika rahoton tafiya ɗaya, cibiyar lissafin kuɗi ba ta tace ba.

Sai dai ba kowane biyan lantarki ne ke kawar da tsayawa ba, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Katin da ake dangwalawa a jikin na'ura ya kawar da neman canji, amma mota na tsayawa, gilashi na sauka, hannu na miƙewa. Layin alama mai sandar shinge ya fi shi, yana iya sallamar mota 800 zuwa 1,200 a awa, amma dole a rage gudu sosai. A Japan ƙa'ida ita ce kada a wuce kilomita 20 a awa, saboda idan sanda ba ta ɗaga ba na baya ya samu damar taka birki. Sai mataki na ƙarshe, inda babu rumfa babu sanda, ƙarfe ne kawai a sama, hanya na ɗaukar abin da za ta ɗauka ko da babu haraji a kanta. Wannan na ƙarshe ne kaɗai ke kashe cunkoson tolget daga tushe. Sauran rage shi suke yi.

Dalili kuwa shi ne layi mai sanda ba ya jure kuskure. A ɗauka kowace mota na cin daƙiƙa uku, wato 1,200 a awa. A ce biyu kacal cikin kowace ɗari alamarsu ta ƙi karantuwa, kuma kowace ta ci minti ɗaya kafin ma'aikaci ya zo da na'urar hannu ko ya karɓi tsabar kuɗi. Mota 98 sun ci daƙiƙa 294, biyun nan sun ci 120, jimla 414. Layin ya faɗo zuwa mota kamar 870 a awa. Kashi biyu cikin ɗari na matsala ya cinye fiye da rubu'in ƙarfin layin. Idan kuma aka bar masu tsabar kuɗi suna shiga layi ɗaya da masu alama, to kowa ya koma tafiya da saurin mai neman canji. Wannan ne ya sa Indiya, daga tsakiyar Fabrairun 2021, ta mayar da duk layukan manyan hanyoyinta na FASTag, wanda ya zo ba shi da alama mai aiki ya biya ninki biyu. Hukuncin na da zafi, amma lissafin da ke bayansa daidai yake.

Me ke hana alama karantuwa? Sau da yawa ba na'urar hanya ba ce. Wasu gilasan mota ana yi musu shafen ƙarfe siriri don tare zafin rana, wannan shafe yana tare igiyar rediyo. Masu ƙera irin waɗannan motoci sukan bar wani fili mai ɗigo-ɗigo kusa da madubin tsakiya, nan ne ya kamata a manna. Wani direban ba ya mannawa, sai ya riƙe a hannu yana ɗagawa idan ya iso, alhali tafin hannu da karkatar sitikar na rage nisan da ake jin ta. Wani ya ɓamɓare ta daga tsohon gilashi ya mayar a sabo, bai san an ƙera ta ne yadda eriyarta za ta tsinke idan an ɓamɓare ba, don kada a sace. Wani na da alama biyu a mota ɗaya, na'ura ta kama wadda babu kuɗi a cikinta. Wani kuma ya zuba kuɗi minti biyu kafin ya iso, amma jerin asusun da babu kuɗi a cikinsu, wanda cibiya ke aika wa kowace tolget lokaci-lokaci, bai sabunta ba tukuna, sai sanda ta ƙi ɗagawa alhali kuɗinsa na ciki. Wannan na ƙarshe laifin tsari ne, maganinsa a gajarta tazarar sabuntawa, a kuma bar mota ta wuce a bi ta bashi maimakon a tare layi saboda ita.

Akwai kuma ranar da tsarin gaba ɗaya zai tsaya. A Afrilun 2025 matsalar manhaja ta durƙusar da layukan lantarki a tolget sama da ɗari a tsakiyar Japan fiye da yini guda, dogayen layuka suka taru kafin a yanke shawarar ɗaga sanduna a bar motoci su wuce. Ƙasar da ta daɗe da gogewa a harkar ke nan. Duk mai gina irin wannan tsari ya kamata ya rubuta tun farko abin da za a yi idan ya faɗi: wa ke da ikon cewa a buɗe, bayan minti nawa, kuma yaya za a yi da kuɗin. Kowane ƙarfe yana buƙatar batir da janareto na ko-ta-kwana, hanyar sadarwa biyu, da ma'ajiyar da za ta riƙe bayanan kwanaki idan waya ta yanke.

Cire sanda yana magance duk wannan ta fuskar cunkoso, amma yana mayar da nauyin wani wuri. Tunda babu abin da zai tare wanda bai biya ba, dole a nemo shi daga baya ta lambar motarsa. A nan gizo ke saƙa. Kyamara na karanta mafi yawan lambobi da kanta, amma laka, ruwan sama, hasken rana mai faɗowa kai tsaye, lanƙwasasshiyar lamba, ko kamannin 8 da B, da 0 da O, duk suna rage mata tabbaci, sai a tura hoton ga ma'aikaci ya duba da ido. Hanyar da mota 100,000 ke bi a rana, idan kashi biyar cikin ɗari kawai aka tura, hoto 5,000 ke nan kullum. Saboda haka karɓar kuɗi ta hoto ya fi karɓa ta alama tsada nesa ba kusa ba, kuma a wurare da yawa ana yi wa mai alama rangwame. Bayan an karanta lambar, sai a tambayi rajistar motoci: ta wa ce, ina yake? Idan an sayar da mota sau uku ba a canza suna ba, takardar bashi za ta je wa wanda ya rabu da ita tuntuni. Idan wani ya kwaikwayi lambar wani, mara laifi ne zai sha tara. Motocin ƙasashen waje kuwa sai da yarjejeniya tsakanin ƙasashe ake iya bin su.

Ra'ayinmu a nan a fili yake: hukumar da rajistar motocinta ba ta da inganci kada ta yi gaggawar cire sanda. Ta fara gyara rajistar, ta wajabta alama, ta samar da dokar da za ta ba da damar hana sabunta takardun mota ga mai bashi, sannan ta cire. Sayen kyamara shi ne mafi sauƙin sashen aikin. Dole kuma a ba wanda ba shi da alama hanya mai sauƙi ta biya bayan ya wuce. A gadar Dartford ta Ingila, wadda aka cire wa rumfuna a Nuwambar 2014, direba na da har tsakar daren washegari. A sababbin hanyoyin Faransa marasa shinge, awa 72 ake bayarwa.

Ko an gyara duk wannan, akwai abin da na'ura ba ta iya samarwa, wato yardar jama'a. A lardin Gauteng na Afirka ta Kudu an kafa ƙarafan zamani a hanyoyin da ke kewaye da Johannesburg da Pretoria, aka fara caji a Disambar 2013. Na'urorin na aiki. Amma hanyoyi ne da mutane suka saba bi kyauta, suna ganin ba a yi shawara da su ba, sai masu yawa suka ƙi biya. Da adadin masu ƙin ya kai wani matsayi, babu kotun da za ta iya ɗaukar shari'arsu ɗaya bayan ɗaya, wanda ke biya kuma ya fara ganin kansa a matsayin wanda ake cuta. A Afrilun 2024 aka daina cajin. Tsarin da babu shinge a cikinsa yana tsaye ne a kan cewa mafi yawan mutane za su biya da kansu, tara ta zama ta 'yan kaɗan.

Sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci: idan an rushe rumfuna, gosulo ya tafi? Na bakin tolget ya tafi, babu shakka. Amma tolget, duk da illarta, tana aiki kamar famfo mai sakin ruwa kaɗan-kaɗan. Da zarar an cire ta, motocin da a da take riƙewa za su kwarara gaba ɗaya zuwa matsatsi na gaba: inda hannu uku ya koma biyu, bakin gada, hawa mai tsawo da ke rage wa manyan motoci gudu, ko fitilar farko ta shiga gari. Kuma hanya na da wata ɗabi'a da injiniyoyin zirga-zirga suka daɗe da sani. Muddin motoci na gudu, tana ɗaukar iyakar ƙarfinta. Da zarar yawansu ya wuce wani mizani, mutum ɗaya ya taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, tsayawar ta riƙa komawa baya kamar igiyar ruwa, adadin motocin da ke fita daga matsatsin ya ragu ƙasa da yadda yake kafin a cushe. Wato hanya na ɗaukar ƙasa da ƙarfinta daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Ban da haka, idan tafiya ta yi sauƙi, wanda a da yake sammako don gudun layi zai koma fita lokacin da kowa ke fita, wanda ke bin wata hanya zai dawo, wanda ke shiga jirgin ƙasa zai ɗauko motarsa. Masanin tattalin arziki Anthony Downs ya bayyana wannan tun a 1962. Saboda haka kafin a rushe tolget, wajibi ne a auna kilomitocin da ke gabanta, a gyara mahaɗu da mafita, in ba haka ba an gudu ne ba a tsira ba.

Babban amfanin biyan lantarki ga cunkoso yana wani wuri dabam, wurin da Vickrey ya hango: kuɗin na iya canzawa da lokaci. Ma'aikacin rumfa ba zai iya canza farashi kowane rabin awa ba, kwamfuta kuwa ba ta jin nauyin hakan. Singafo ta fara taƙaita shiga tsakiyar birni da takardar izini a 1975, ta koma lantarki a 1998. Abin koyi a tsarinta shi ne ba kuɗin shiga take nufa ba, gudu take nufa. Ta tsayar cewa manyan hanyoyi su riƙa tafiya tsakanin kilomita 45 da 65 a awa, titunan cikin gari tsakanin 20 da 30. Ana duba alƙaluma duk bayan wata uku. Inda gudu ya faɗi ƙasa da mizani a wani lokaci na rana, a ƙara kuɗin wannan lokacin. Inda ya haura, a rage, har ya koma sifili. Direba ya san farashin tun kafin ya fito, kuma ya san dalilin da ya sa aka ƙara.

Stockholm, babban birnin Sweden, ta gwada nata daga Janairu zuwa Yulin 2006, motocin da ke tsallaka iyakar tsakiyar birni suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Satumba, aka mayar da shi na dindindin a Agustan 2007. Abin lura shi ne raguwar layi ta fi raguwar motoci nesa. Dalilin shi ne abin da aka faɗa a sama: ba sai an kori rabin motoci ba, waɗanda suka haura mizani kawai ake so su matsa gaba ko baya da rabin awa, ko su haɗu a mota ɗaya, ko su shiga bas. A Amurka an bi wata dabara, inda ake ware hannu ɗaya ko biyu na kuɗi a gefen na kyauta, kamar hanya mai lamba 91 a Kalifoniya tun 1995. A wasu irin waɗannan hannuwa farashi na canzawa duk 'yan mintoci gwargwadon cikar hanya, don gudu ya tsaya sama da kilomita 70 a awa.

Wannan dabara ta rage cunkoso da farashi na da sharuɗɗa, kuma ba daidai ba ne a ɓoye su. Mai aikin da dole ya isa da ƙarfe takwas, kuma babu bas ko jirgin da ke bin hanyarsa, ba zai iya matsar da tafiyarsa ba, kuɗi kawai zai biya, kuma nauyin ya fi danne mai ƙaramin ƙarfi. Stockholm ta ƙara bas-bas kafin ta fara caji, Landan ma da ta fara nata a Fabrairun 2003 dokarta ta ɗaure kuɗin da aka tara a kan harkar sufuri. Akwai kuma kaucewa: idan aka tsawwala wa manyan motoci, za su sauka su bi tsohuwar hanya ta cikin unguwanni, su farfasa titin da ba a gina don nauyinsu ba, su bi ta gaban makarantu. Sai an auna hanyoyin da ke maƙwabtaka kafin a sa farashi da bayan an sa. Wanda ba shi da asusun banki yana buƙatar wurin da zai zuba tsabar kuɗi a alamarsa ba tare da an ɗora masa wani caji ba. Ma'aikatan rumfuna ma mutane ne masu iyali. Na Taiwan sun shafe shekaru suna zanga-zanga kan makomarsu bayan an rufe rumfunan. Sannan kowane ƙarfe na rubuta wa ya wuce, yaushe, ya nufi ina. Dole doka ta fayyace tsawon lokacin da za a ajiye wannan bayani da wanda zai iya neman sa, a kuma goge hoton wanda ya riga ya biya.

Wani abin da ke mayar da hannun agogo baya shi ne kowane kamfanin hanya ya fito da tasa alamar. Direba ya manna biyu ko uku, kowace da asusunta, eriyoyi na ruɗewa, layi na dawowa. Maganin shi ne ma'auni ɗaya da cibiyar sasanta kuɗi ɗaya, yadda Indiya ta yi: bankuna da yawa na ba da alamar, amma kowace tolget na karɓar ta kowa. Tarayyar Turai ta kafa dokar haɗe tsare-tsaren ƙasashenta tun 2004, ta sake sabunta ta a 2019 saboda tafiyar hawainiya da aikin ya yi. Sin kuwa a farkon 2020 ta kawar da tolget 487 da ke kan iyakokin lardunanta, ta maye gurbinsu da ƙarafan gicciye.

Mataki na gaba shi ne a rabu da ƙarafan ma. Na'urar da ke cikin mota ta riƙa gano inda take ta tauraron ɗan'adam, ta daidaita da taswira, ta aika nisan da aka yi ta layin wayar salula. Jamus na cajin manyan motoci haka tun 1 ga Janairun 2005, bayan an ɗage farawa daga Agustan 2003 saboda na'urorin da manhajar ba su kammalu ba. Amfaninsa shi ne ƙara sabuwar hanya cikin tsarin gyaran taswira ne kawai, ba sai an kafa ƙarfe ba. Haka Jamus ta shigar da hanyoyin tarayya da masu kaucewa ke bi. Matsalolinsa kuma sanannu ne. Sigina na ɓacewa a cikin ramin ƙarƙashin ƙasa, yana karkacewa tsakanin dogayen gine-gine. Inda hanyar kuɗi da ta kyauta ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ko ɗaya a saman ɗaya, kuskuren 'yan mitoci ya isa a caji wanda bai hau ba. Mai son zamba na iya cire wa na'urar wuta ko ya sa abin toshe sigina, don haka kyamarori da motocin sintiri na nan daram. Na'urar kuma ta fi sitika tsada sau da yawa, abin da kamfanin jigila zai iya ɗauka amma yake da nauyi a kan miliyoyin ƙananan motoci. Singafo, wadda motocinta ba su da yawa kuma rajistarta a tsare take, ta fara saka irin waɗannan na'urori a ƙarshen 2023, kuma ta ce a matakin farko wuraren cajin za su kasance inda suke a da, ba za ta koma caji da kilomita ba tukuna.